Ƙota Tamu, Ruwan Hauya na Maƙeri: Tarihin Ƙira a Ƙasarmu



Duk wanda ya halarci taron ƙungiya na bayan kaka ya san an tashi ba a daidaita ba. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin da suka taru cikin asusu. Samari sun ce a sayo injin walda da injin wutar da zai ja shi, da dutsen gurza ƙarfe, da akwatin sifana, a aje su ɗakin ƙungiya, kowa amalankensa ya lalace ko hauyarsa ta karye ya je ya gyara abinsa da hannunsa. Sun ce sun gaji da zaman jira a maƙera, ga shi kuma yanzu ba aikin da mutum ba zai gani cikin salula ba ya kwaikwaya. Dattawa suka ce a'a. A tada rumfar maƙera da iska ta kayar bara, a sayo wa sarkin maƙera ƙarfe da gawayi, a ba shi yara biyu su koya tun yana da sauran ƙarfi. Da gardama ta yi tsawo sai shugaba ya ce mu malaman lakwal mu je mu binciko yadda kakanninmu suka yi da wannan al'amari, mu rubuta cikin takardar nan kowa ya karanta kafin taro mai zuwa.

To, mun yi. Mun zauna yamma uku tare da sarkin maƙera da waɗansu tsofaffi huɗu, mun kuma koma ga abin da muka karanta can makarantar horon malamai. Ga abin da muka samo. Wanda ya ga kuskure ya gyara mana, ba mu fi ƙarfin gyara ba.

TUN KAFIN A KAFA GARURUWANMU

Da yawa cikin yaranmu suna zaton Nasara ne ya kawo ƙarfe ƙasar nan. Ba haka ba ne ko kaɗan. Can arewa maso gabas da Damagaram, a duwatsun Tarmit, masu binciken kayan da, wato Gérard Quéchon da abokan aikinsa, sun tono kayan ƙarfe da wuraren dafa tama tun daga shekarun 1970. Da aka auna shekarun gawayin da ke tare da su sai aka ga sun haura shekara 2,500. Waɗansu masana sun ce abin ya fi haka daɗewa, waɗansu suna musu, amma ko a kan ƙaramin lissafin aka tsaya, ƙira ta girmi duk wata sarauta da muka sani a ƙasar Hausa. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda, wajen Azelik a ƙasar Agadas, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda, ana sayen nama da itace da hatsi da shi kamar kuɗi. Ko birnin Kano, labarin da mutanenta ke bayarwa shi ne wani maƙeri ne daga Gaya ya zo gindin dutsen Dala neman tama, ya zauna.

ZAMANIN TAMA

Sarkin maƙeranmu bai taɓa dafa tama ba. Mahaifinsa ne ya gani yana yaro, shi ya ba shi labari. Tarin baƙin duwatsun nan masu ƙuraje da ke bayan tsohuwar rijiya, waɗanda yara ke ɗiba suna harbi da danƙo, ba duwatsu ba ne. Kashin tama ne, wato dattin da ke saura bayan an fid da ƙarfe.

Ga yadda abin yake. In an gama shigar da hatsi, sanyi ya sauko, sai maƙeran garuruwa da yawa su haɗu su fita daji su kafa sansani. Waɗansu su haƙo tama su farfasa ta kamar girman goro, waɗansu su sare ƙirya su ƙona gawayi, don gawayin ƙirya shi ne mai nauyi, mai riƙe wuta. Sa'an nan a gina murhu da yumɓu, dogo, a jera masa bututun ƙasa kewaye da gindi inda iska za ta shiga. A zuba gawayi, a zuba tama, a zuba gawayi, a zuba tama, har ya cika, a sa wuta. Sai a kwana ana tsaro. In wuta ta faɗa a buɗe gindin murhu a jawo dunƙulen ƙarfe, a sassare shi da gatura, a raba.

Mun tambayi kanmu yadda gawayi zai narkar da ƙarfe, tun da a littafi ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538, murhun ƙasa kuwa wajen 1,200 ya kan kai. Ashe ba ƙarfen ke narkewa ba. Dattin dutsen ne ke narkewa ya gangara ƙasa, shi kuwa ƙarfen ya dunƙule wuri ɗaya, da ƙofofi-ƙofofi kamar soso. Sai an kai shi maƙera an yi ta gasawa ana duka kafin sauran dattin ya fita ya zama abin ƙira. Mutanen nan ba su san digiri ba, launin harshen wuta da ƙarar iska cikin bututu su ne ma'auninsu.

Aikin yana da tsarin da ba a ƙetarewa. Mace ba ta zuwa sansani, namijin da ya kusanci iyali ba ya taɓa murhu, a kan kuma yi yanka kafin a sa wuta. Da muka zo nan liman, wanda yana cikin tsofaffin, ya ce wannan abin da ne, Allah ya yafe musu. Mu ma amin muka ce. Amma mun lura da abu ɗaya: tsarin nan ya sa ba kowa ke shiga aikin ba, sai wanda ya gada. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Échard, ta zauna da maƙeran Adar cikin shekarun 1960, har ta ɗauki fim ɗin dafa tama mai suna Noces de feu, wato bikin auren wuta, don maƙeran can suna kwatanta aikin da aure da haihuwa.

Wanda ya san wahalar nan zai gane dalilin da ya sa kakanninmu ba su yar da ƙarfe. Garma ta cinye a mai da ita hauya, hauya ta cinye a mai da ita magirbi, magirbi ya zama wuƙa, wuƙa ta zama basilla. Tsofaffin gutsattsari kuma a haɗa su cikin wuta a liƙe su zama ruwa ɗaya. Wani tsoho ya ce mana ranar rabon gadon kakansa, da aka gama da gonaki da awaki, sai da aka zauna aka raba ruwan garemani ɗaya-ɗaya.

INDA IYAKA TAKE

Yanzu ga abin da shugaba ya aike mu nema. Shin mutanen da su ke yi wa kansu kayan aiki, ko kuwa ga masu sana'a suka dogara? Da muka yi wa tsofaffi wannan tambaya sai suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Malam, ai ba a raba hauya haka."

Hauya abu biyu ce, ƙota da ruwa. Ƙota ta manomi ce. Shi zai shiga daji tun da rani ya zaɓi reshen marke ko na aduwa mai gwiwa daidai, ya saro, ya aje a inuwa ya bushe, ya fere da gizago, ya auna da tsawon hannunsa da yadda yake duƙawa. Ba mai yi masa wannan, don ba wanda ya san bayansa kamar shi. Ruwa kuwa na maƙeri ne. Ranar da za a haɗa su, manomi ya zo da ƙotarsa, maƙeri ya gasa tsinin ruwan har ya yi ja, ya soka cikin gwiwar ƙota, hayaƙi ya tashi, ƙarfe ya yi wa kansa mazauni. Haka garma, haka sungumi, haka gatari da lauje. Hauyar tsaye ma, wadda waɗansu ke ce wa ashasha, doguwar sandarta mai gona ke nemowa.

In aka duba sauran kayan gida duk haka iyakar take. Igiyar rama da ta kaba, zana, asabari, rumbu, jinka, akurki, ragaya, duk magidanci da iyalinsa ke yi, namijin da bai iya tufka ba kuwa abin dariya ne a dandali. Turmi da akushi na masassaƙi ne, guga da takalmi na baduku, amma waɗannan in ta matsa mutum ya kan taɓa da kansa. Abu ɗaya ne ba a karambani da shi, shi ne duk abin da sai ya shiga wuta.

Har kayan sha'awa da na wasa ba su fita daga wannan tsari ba. Maharbi shi ke tanƙwara bakansa, shi ke yanko kyauro, shi ke dafa dafinsa, ba ya yarda wani ya taɓa masa, amma kan kibiya sai maƙera. Saurayi ya kan yi gurminsa da ƙoƙo da fata, ya huda sarewarsa ta kara, amma akayau ɗin da zai ɗaura a ƙafa ranar rawa maƙeri ya ƙera shi. Yaro kuwa da kara da ɓawonsa yake fara koyon aikin hannu, ya yi doki, ya yi akurkin tsuntsu, daga baya da motoci suka zo ya yi mota. Ranar da ubansa ya kai shi maƙera aka yi masa ƴar hauya daidai hannunsa, ranar ya san ya shiga sahun maza.

Biya fa? Manomin gari ba ya ba maƙerin garinsu kuɗi da bazara, don a lokacin ba mai kuɗi. Maƙeri ya yi masa aiki, ya koɗa masa hauya duk damina, in kaka ta yi kowane gandu ya kai dami gidan maƙera gwargwadon aikin da aka yi masa. Shekarar da ba a samu ba, a bi bashi sai baɗi. Saboda haka maƙeri yana da rabo cikin amfanin gonar kowa, in ya yi ruwa marar kyau rumbunsa ne zai gaya masa. Zaman jiran da samari ke kuka da shi kuwa, a da ba zama ba ne. Wanda ya kawo aiki shi ko ɗansa ke zuga, wani lokaci shi ke kawo gawayi, in ƙarfe babba ne shi ke ɗaukar masaɓa ta biyu yana duka inda maƙeri ya nuna. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. A nan ne manomi ke koyon gane ƙarfen kirki da na banza, ko da yake ba zai taɓa zama maƙeri ba.

ZAMANIN TANIMUN

A birni sana'ar ta rabu biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu garma da gatari da mashi, akwai maƙeran fari, masu azurfa da tagulla da jan ƙarfe, su ke yin mundaye da zobba da kayan doki. Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulemanu, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 30 ya rasu a 1884, shi ya kai ƙira inda ba ta taɓa kaiwa ba a ƙasar nan. Bai tsaya ga bindigogin da fatake ke kawowa daga Tarabulus ba. Ya sa aka riƙa haɗa albarushi a gida, ya sa maƙeransa suka zuba igwa cikin birni. Faransawan da suka shiga Damagaram a 1899 sun tarar da igwogin nan ƙirar gida.

Kada kuma a ce mutanen da ba su son kayan waje. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma ratsa Damagaram a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa ruwan takubban da ake sayarwa kasuwar Kano daga Solingen ta ƙasar Jamus ake kawo su ta hamada, har ya ƙiyasta wajen 50,000 a shekara. Ruwan kawai ake kawowa. Maƙeran gida ke sa masa mariƙi, dukawa su yi masa kube. Ka ga ko a nan ma ba a ce sai namu kaɗai ba, ba a kuma ce sai na waje kaɗai ba.

DA ƘARFEN NASARA YA ZO

Abin da ya kashe murhun tama ba doka ba ce, araha ce. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta iso Nguru a 1930, motocin gyaɗa suka fara bin hanyar Kano zuwa Damagaram. Sai ga tsohon ƙarfe ko'ina: guntun dogo, sifirin mota, gangar mai, bakin ƙarfen da ake ɗaure dila. Wa zai kwana daji wata guda yana haƙar dutse, alhali ga ƙarfe tsarkakakke a kasuwa? Kafin a samu mulkin kai a 1960 dafa tama ya zama labari a yawancin ƙasar Hausa.

Mutum zai zaci ƙarshen maƙera ke nan. Sai ya zama ilmin ne ya sake kama. Wanda ubansa ya san tama mai kyau a cikin rami, shi sai ya san ƙarfe mai kyau a cikin juji. Sarkin maƙera ya zube mana gutsattsari huɗu a ƙasa, ya buga kowanne da masaɓa ya ce mu saurara. Sifirin mota mai tauri ne, shi ake gatari da wuƙa da gizago. Ƙarfen gini mai taushi ne, ya yi ƙugiya da turke da sarƙa, amma ba ya riƙe kaifi. Ganga ta yi murhu da kasko da bokiti. Faifan garmar tarakta kuwa in an samu, shi ne sarkin ruwan hauya. Mu dai duk amo ɗaya muka ji.

GARMAR SHANU DA BASHI

Nan ne ya kamata samari su karanta a hankali, don abin da suke so a yi an taɓa yin irinsa, da kuɗin da suka ninka namu sau dubbai.

A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don haɗa manoma cikin ƙungiyoyi da ba su bashi, ta kuma kafa SONARA don sayen gyaɗa. Gyaɗa ce ke riƙe da ƙasa a lokacin, mu kuwa nan kudancin Damagaram muna tsakiyar ƙasar gyaɗa. A farkon shekarun 1970 aka buɗe babban aikin raya karkara da ake kira 3M, wato Mirriya, Magarya da Matamaye. Aka riƙa ɗaukar samari ana kai su cibiyoyin horo su yi damina guda suna koyon noma da shanu, in sun gama a sallamo su da bijimai biyu, da ƙarfen Arara wanda ake ɗaura wa haƙoran huɗa da na cirar gyaɗa, da injin shuka Super Eco, da amalanke, duk bashi. Don a daina sayo kayan daga waje aka kafa ma'aikatun ƙera su: UCOMA a Damagaram, ACREMA a Tawa, CDARMA a Doso. Niyya mai kyau ce, kayan kuma masu ƙwari ne.

Amma kayan nan sun zo da abin da hauya ba ta da shi, wato ƙusa mai zare, da faifan shuka mai ramuka, da balbelin ƙafa. In ƙusa ɗaya ta ɓace tsakiyar shuka, manomi ba zai iya fere ta da gizago ba, maƙerin gari ba shi da abin yanka zare, magazin kuwa yana can nesa, wataƙila ma babu ita. An horar da waɗansu maƙeran karkara don wannan gyara, gaskiya ne, amma ba su kai ko'ina ba, garinmu dai bai samu ba. Ga fari na 1973, ga kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975 ta cinye amfanin shekara. Wanda bai sayar da gyaɗa ba da me zai biya bashin garma? A watan Nuwamba na 1982 aka yi babban taro a Damagaram a kan ayyukan raya karkara, ma'aikatan gwamnati da kansu suka faɗi cewa tsarin bai yi ba. Bashin kayan noma ya tsaya, farin 1984 ya tilasta wa mutane sayar da bijimai, a tsakiyar shekarun 1980 aka rushe UNCC, ma'aikatun nan kuma suka rasa masu saye.

Mun tambayi tsofaffi ina kayan suka tafi. Uku cikin huɗun sun karɓa a lokacin. Ɗaya ya ce nasa ya ƙetara iyaka tun shekarar farko. Ɗaya ya ce injin shukarsa kaji suka yi ta ƙwai a ciki har ya ruɓe. Sarkin maƙera kuwa ya yi murmushi ya ce ƙarfen Arara ƙarfe ne mai kyau ƙwarai, rabin gaturan garin nan na wancan zamani da shi aka yi su.

Abu ɗaya ya tsira, shi ne amalanke. Ya tsira don yana kawo kuɗi rani da damina, ya kuma tsira don an samu masu gyara shi. Yaran da suka koyi walda a birni, da yawansu ƴaƴan maƙera ne, suka fara haɗa shi da tsohon gatarin mota, da arahar da ma'aikata ba ta iya yi. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka ninka tsada, sai aikin waɗannan masu walda da maƙera ya ƙara daraja. Duk wanda ya shiga kasuwar Dole a Damagaram, ko Katako a Yamai, ya ga abin da hannu ke iya fitarwa daga juji.

RABONMU DA MUKA BARI

Ana yawan cewa ƙira tana mutuwa. Abin da ba a faɗi shi ne, rabin da ke hannunmu ya riga nata mutuwa. Mun tambayi ƴan ajinmu na ƙarshe wa ya taɓa fere ƙota, yaro ɗaya ya ɗaga hannu. Ƙota yanzu saye ake yi ranar kasuwa, tsawo ɗaya ga dogo da gajere, sa'an nan a yi ta kukan ciwon baya. A da muna da hujja, don itace ya ƙare bayan shekarun fari. Amma tun da aka kama sassaben zamani, ana barin tsiro a gona ana yi masa aski, itace ya komo ƙasar 3M har baƙi na zuwa kallo. Itacen ƙota yana nan, mai fere shi ne babu. Ba gori muke yi ba, amma cikin masu neman a sayo injin walda akwai waɗanda igiyar akuyarsu ma saye suka yi.

Mu kanmu malamai ba mu tsira ba, bari mu tona asirin kanmu. Shekara biyu da suka wuce muka buɗe lambun lakwal, kuɗi babu. Muka ce za mu yi komai da kanmu. Muka huda gwangwanaye suka zama abin ban-ruwa, muka yi shinge da ƙaya, muka yi manjagara da katako da ƙusoshi, duk suka yi aiki, har yanzu suna nan. Daɗin haka ya ɗauke mu, muka ce saura ɗan gatari. Muka samo guntun sifiri, muka hura gawayi da famfon keke, muka yi yini guda muna duka a kan dutse har ya yi kama da gatari, yana ja wur muka tsoma shi cikin bokitin ruwa kamar yadda muka gani ana yi. Sara na biyu a kan saiwa ya tashi biyu kamar kwalba. Guntun ya wuce ta gefen kan wani yaro ya yanki abokin aikinmu a ƙwauri, sai da aka yi masa ɗinki. Har yau in muka tuna inda yaron nan yake tsaye sai gabanmu ya faɗi.

Muka kai gutsattsarin maƙera da kunya. Tsohon ya dubi bakin karayar ya ce, "Malamai, kun shayar da shi har ya ƙware." Sai ya nuna mana. Baki kawai ake tsomawa, a fitar, a goge da dutse, a tsaya ana kallo. Zafin da ya saura a jiki zai gangaro zuwa baki, launi yana sakewa, daga ruwan tattaka zuwa ja-ja, zuwa irin na wuyan tattabara. Launin da ake so ya iso baki sai a tsoma duka. Na aska daban, na gatari daban. Wannan duk yana cikin littafin kimiyyarmu, mun ma taɓa ba da amsarsa a jarrabawa. Amma tsakanin launi da launi ba a fi ƙiftawar ido kaɗan ba, shi kuwa ya yi shekara fiye da hamsin yana kallonsu.

ABIN DA MUKA GANI

An aike mu bincike ne, ba hukunci ba, amma ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba. Samari suna da gaskiya a wuri ɗaya babba: zugazugi ba ya gyara gatarin amalanke, ba ya liƙe famfon rijiya, kuma kai amalanke Matamaye saboda tsaga ɗaya asarar yini ce da kuɗi. Garin nan yana bukatar walda. Inda muka rabu da su shi ne wurin aje ta. Injin da aka aje ɗakin ƙungiya, kowa ya zo ya gwada hannunsa, mun san ƙarshensa, don mun ga yadda injin niƙanmu na farko ya ƙare. Wutar walda kuma tana cin ido, wutar lantarki tana kisa. Tun daga tama zuwa sifiri, daga sifiri zuwa amalanke, kowane sabon abu da ya zauna a ƙasar nan ta ƙofar maƙera ya shigo, wanda aka shigo da shi ta bayan gida kuwa kaji suka gada.

Dattawa ma akwai abin da ba su faɗi ba a taro. Dami ya daina zuwa gidan maƙera tun da daɗewa, kuɗin hannu kuma sai an yi ciniki kamar za a sayi saniya, sa'an nan a ce hauyar kasuwa ta fi araha, ko da ba ta kai ƙarshen noman farko. Ƴan gwangwan suna bi gida-gida suna saye tsohon ƙarfe a kan kilo ana lodawa manyan motoci, har maƙeri ya koma yana sayen abin da a da kyauta ake kawo masa. Ƙirya ta yi wuya. Ƴaƴansa uku duk sun tafi, biyu Libiya, ɗaya Agadas. Ba ƙin gado ya kore su ba.

Mun gaya wa sarkin maƙera duk abin da za mu rubuta, ya kuma ba mu saƙo zuwa ga taro. Ya ce ya yarda ya karɓi yara biyu ko da ba ƴan gidan ƙira ba ne, abin da ubansa ba zai taɓa yarda da shi ba, amma da sharaɗin su yi damina uku ba su tafi ci-rani ba, iyayensu kuma su ɗauki cinsu. Ya ce yana da jika a Damagaram wanda ya iya walda, yana aiki ƙarƙashin wani, in akwai inji a maƙera zai kira shi gida, shi kuwa tsohon ba zai taɓa injin ba don idonsa ya yi rauni. Ya ce duk saurayin da ke son koyon fere ƙota ya zo ran Juma'a da safe da reshensa, zai nuna masa kyauta, gizago ma zai ba shi aro.

Ma'aji ya lissafa mana, abin da ke cikin asusu zai tada rumfa ya sayi injin walda, amma ba zai kai ga injin wuta ba, sai in ƴan uwa na Kano da Yamai da Agadas sun ƙaro. Tsohon ya ce in za a yi ɗaya a bar ɗaya, a fara da rumfa kafin bazara, don zugazuginsa na fatar akuya ne, ruwan farko ya same su a fili sun tashi aiki.